Baƙo da Mai Gida a Ɗakin Tukwane

Ina gaida mutanen Tanhiya da na Tanut da na Belbeji. Ina gaida na Gangara da Olelewa da Falanko, da duk wanda muryar nan ta iske a faɗin Damargu, ko yana gida, ko yana bakin rijiya, ko yana bayan dabbobi. Iyayenmu mata, a matso kusa da rediyo. Yau zancen tukwane za mu yi, kuma ku ne masu abin.

Ga yadda tafiyar za ta kasance. Da farko zan bayyana muku wata al'ada da masu sana'ar hannu suke yi a wasu ƙasashe. Sai mu tsallaka iyaka zuwa wani gari a Najeriya, inda aka gwada irinta shekara fiye da 70 da suka wuce. A can za mu daɗe, don labarin yana da daɗi, yana kuma da ɗaci. Daga nan mu juyo gida Nijar.

To bismillah, kashi na farko.

Za a sami tsohon gini wanda aka daina amfani da shi. Wata tsohuwar masana'anta, ko gidan wani attajiri da ya daɗe da rasuwa. Maimakon a bar wa jemagu, sai a gyara shi. A share, a toshe inda yake yoyo, a sa ƙofofi. Sannan a gayyato masu sana'a su zo su zauna a ciki, su yi aiki. Wani wata ɗaya, wani wata uku, wani shekara guda. A ba su makwanci, a ba su abinci, a ba su yumɓu da wurin gashi. Babu jarrabawa, babu takardar shaida. Abin da ake nema shi ne su yi aiki kusa da juna, kowa yana ganin hannun ɗan'uwansa.

Masu jin Faransanci suna ce wa wannan rezidans. Mu a shirin nan za mu kira shi zaman baƙuncin masu sana'a.

Kuma mun san irinsa. Ku tuna malamin da kan zo gari da rani, a sauke shi a zauren wani mai hali. Yana ba da karatu, shi ma yana ɗaukar wani littafi a wurin malamin garin. Damina ta kawo kai, ya yi sallama ya koma. Garin ya ƙaru, shi ma ya ƙaru. To haka abin yake, sai dai su waɗannan yumɓu ne a gabansu.

Me ya sa magina tukwane suka fi kowa bukatar irin wannan zama? Mai gurmi yana rataya gurminsa ya tafi duk inda ya so. Baduku yana ƙulle wuƙarsa da basillarsa a jaka. Maginiyar tukwane fa? Tana bukatar ramin yumɓu. Tana bukatar ruwa. Tana bukatar makamashi, da filin da za ta hura wuta ba ta ƙona wa maƙwabci danga ba. Waɗannan ba a ɗora su a bayan jaki. Mai son koyo dole ya je inda suke. Shi ya sa kuma tsofaffin wuraren da aka taɓa gasa ƙasa a ciki suka fi dacewa da wannan zama.

Ga misali biyu daga nesa, a gurguje. A Amurka, a garin Helena na jihar Montana, akwai wata masana'antar jan bulo. Mai ita, Archie Bray, ya ware wani gefe a 1951, ya ce magina tukwane su zo. Samari biyu da suka fara zama, Peter Voulkos da Rudy Autio, suna taya aikin bulo, suna kuma gina nasu kayan. Masana'antar bulon ta daɗe da mutuwa. Zaman baƙuncin yana nan har yau, a tsakanin tsofaffin tanderun. A ƙasar Sin kuma akwai birnin Jingdezhen, inda aka shafe shekara fiye da 1,000 ana yin tangaran. Wata masana'antar gwamnati da aka buɗe a 1958 ta durƙushe. Aka gyara ta, aka sake buɗe ta a 2016 da sunan Taoxichuan. Dogayen bututun hayaƙinta suna nan tsaye. A ƙarƙashinsu matasan Sin da baƙi daga ƙasashe daban-daban suna gini, suna gashi, suna sayarwa.

Wannan na nesa ke nan. Yanzu kashi na biyu, mu zo kusa.

Duk mai zuwa kasuwannin kan iyaka ya san takardar naira 20. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammad. Ku juya bayanta. Za ku ga wata mace tana aikin tukunya. Sunanta Ladi Kwali. Ku riƙe sunan nan, Ladi Kwali.

Labarinta a Abuja ya faru. Amma a kula, tsohuwar Abuja nake nufi, wadda yau ake kira Suleja, a jihar Neja ta Najeriya. Babban birnin nan na yanzu aron sunan ya yi. Tsohuwar Abuja garin sarakunan Zazzau ne na Haɓe, waɗanda suka baro Zariya a lokacin jihadi. Abu Ja ne ya kafa ta a 1828. A fada Hausa ake yi. Ƙauyukan da ke kewaye kuwa na Gwari ne, waɗanda suke kiran kansu Gbagyi. Matansu gwanaye ne na ginin tukwane tun kaka da kakanni.

A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Baturen Ingila aiki, mai suna Michael Cardew. Shi ma maginin tukwane ne. Ya yi koyo a hannun wani magini, Bernard Leach, tun 1923. Ya taɓa gwada sa'arsa a Gana, a Achimota da Vume, ya sha wahala, bai ci riba ba. Aikin da aka ba shi a Najeriya shi ne ya inganta tukwanen ƙasar. Sai ya zaga, ya duba, ya rubuta rahoto. Kun san abin da ya gaya musu? Ya ce tukwanen matan ƙauye ba sa bukatar gyaransa. Suna da araha. Suna hawa murhu ba sa tsagewa. Suna sanyaya ruwa. A ƙyale su yadda suke. Abin da ya ba da shawara a yi shi ne wani sabon kaya daban: kofuna da farantai da butocin shayi masu sheƙi, don ma'aikatan birni su daina sayen na waje.

A ina za a yi? Ya zaɓi Abuja. Akwai itace, akwai ruwa, akwai yumɓu mai kyau. Akwai kuma sarki mai son abin. Sarkin Abuja na lokacin, Sulaimanu Barau, mutum ne mai ilimi, yana tara tukwane masu kyau a fadarsa. A nan Cardew ya fara ganin randunan Ladi Kwali, tun bai san fuskarta ba. Aka kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a 1951, aiki ya kankama a shekarar da ta biyo. Ɗakunan na ƙasa ne da jinka, irin ginin mutanen wurin.

Bari in tsaya in fassara muku abu uku da Baturen ya zo da su, don za su yi ta dawowa a zancen.

Na ɗaya, faifan juyi. Wani faifai ne mai nauyi da ake turawa da ƙafa. A ɗora curin yumɓu a tsakiyarsa, yana juyawa, hannu yana jan yumɓun sama. Kafin ka ce kwabo an yi kofi.

Na biyu, ruwan sheƙi. A niƙa dutse ya yi laushi, a haɗa da tokar itace da farar ƙasa, a dama. A tsoma kayan a ciki kafin gashi. Wuta ta narka shi, ya zama kamar gilashi a jikin kwanon. Shi ne santsin nan da kuke ji a jikin tangaran.

Na uku, tanderun bulo mai rufi. Gashin da iyayenmu suke yi a matoya, a fili, zafinsa yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900. Wannan tanderu kuwa yana haura digiri 1,200. A irin wannan zafi yumɓu yana haɗewa ya zama kamar dutse. In ka ƙwanƙwasa shi sai ya yi ƙara kamar ƙarfe.

Faifan juyi, ruwan sheƙi, tanderu mai zafi. Kayan baƙo ke nan.

Ɗaliban farko duk maza ne. Sai a 1954 Ladi Kwali ta shigo, ita ce mace ta farko. An haife ta wajen 1925 a ƙauyen Kwali. A hannun gwaggonta ta koyi sana'a. Ba ta yi makarantar boko ba. Ta zauna a gaban faifan juyi, ta iya shi, ta yi kofuna da kwanoni da butoci. Amma ba ta saki nata ba. In za ta yi randa, sai ta ajiye curin yumɓu a kan wani abu mai ɗan tsawo. Ta huda tsakiyarsa da dunƙulen hannu. Ta shiga zagaya shi, tana jan bangon sama daga ciki, tana ƙara nannaɗin yumɓu. A wurin Cardew tukunya ce take juyawa, mutum yana zaune. A wurin Ladi tukunya tana zaune, mutum ne yake zagayawa. In randar ta sha iska, sai ta ɗauki ɗan tsinke mai kaifi ta yi zane. Kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu.

To a nan ne hannu biyu suka haɗu. Aka ce a gwada: ta gina randarta yadda ta gada, amma da yumɓun da ke jure babbar wuta. A cusa farar ƙasa a cikin zanen. A tsoma a ruwan sheƙi, a sa a tanderu. Da aka buɗe tanderun, sai ga wani abu da ba a taɓa gani ba. Siffar ta Gwari ce, zanen na Ladi ne, ga shi yana leƙowa ta ƙarƙashin sheƙi mai duhun kore. Cardew shi kaɗai ba zai iya ta ba. Ladi ita kaɗai, da wutar matoya, ba za ta iya ta ba.

Wasu mata suka biyo bayanta: Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa, Lami Toto. Suna da ɗakinsu a cibiyar, inda suke ginin hannu. Ɗakin Gwari suke ce masa.

Ga wani ɗan abu da nake so ku lura da shi, don a ganina ya fi lambobin yabon da za ku ji nan gaba muhimmanci. A cibiyar nan kowane magini yana da hatiminsa. Kafin yumɓu ya bushe, sai a danna hatimi biyu a gindin kayan. Ɗaya yana ɗauke da sunan Abuja, da rubutun ajami. Ɗayan kuma na wanda ya yi aikin ne. Na Ladi harufa biyu ne, L da K. Yau in tukunyarta ta ɓulla a Landan ko a Amurka, a juya gindi kawai za a yi, a san mai ita. Ku tambayi kanku: randar da ke tsakar gidanku yanzu, wa ya gina ta? Mafi yawanmu ba mu sani ba. Mun dai san wanda ya sayar mana.

Sannu a hankali wurin ya zama masaukin baƙi. Kofi Athey ya zo daga Gana, ya zauna ya yi shekaru. Peter Stichbury ya zo tun daga Niyu Zilan. A 1974 wata ɗaliba 'yar Kenya da ke karatu a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo ta yi 'yan watanni. A hannun Ladi da abokan aikinta ta koyi ginin hannu. Yau tana cikin manyan magina tukwane na duniya, kuma ba ta ɓoye inda ta koya. Kun ga yadda abin ya juya? An kafa wuri don Bature ya koya wa 'yan ƙasa. Sai ga ɗalibai daga makarantun Turai suna zuwa su durƙusa a gaban matan Gwari.

Ita ma Ladi ta yi nata baƙuncin. An nuna kayan Abuja a Landan a 1958 da 1959 da 1962. A 1962 ta je Ingila da kanta, ta gina randa a gaban jama'a. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a Minna a 1984. An sa wa cibiyar sunanta. Ɗakunan nan na ƙasa, waɗanda ba kowa ya damu da su ba sa'ad da aka gina su, yau wurin tarihi ne. A 2022 ma an sake baje kayanta a Landan, a wani tsohon gidan attajiri da ake kira Two Temple Place, tare da na matan da suka bi sawunta.

Masu saurare, wannan shi ne daɗin labarin. Kashi na uku, ga ɗacinsa.

Ina tambayar iyayenmu mata: me ya sa ruwan randa yake sanyi? Kun sani, randa tana zufa. A jikinta akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi. Yayin da yake bushewa yana tafiya da zafin da ke ciki. Shi ke nan sirrin. To randar Ladi mai sheƙi ba ta zufa. Babbar wuta da ruwan sheƙi sun toshe ƙofofin. Ba ta sanyaya ruwa. Ta kuma yi nauyi, ta yi tsada. Ta fita daga tsakar gida ta koma kan tebur, abar kallo. Kyakkyawa ce ƙwarai, ban musa ba. Amma matar Kwali ba za ta saye ta ba, kuma ba ta da abin yi da ita.

Kofuna da farantan fa, waɗanda aka ce don ma'aikatan ƙasa aka yi? Mafi yawan masu sayensu Turawa ne mazauna Najeriya, da masu zuwa baje koli a Turai. Ma'aikacin ƙasa ya ci gaba da sayen kwanon sha da tangaran na kanti, don sun fi araha. An buɗe irin wannan cibiya a Sakkwato da Kano, ba su yi ƙarko ba.

Sai maganar kuɗi. Gwamnati ce take biyan albashi, ita take sayen itace. Cardew ya bar aiki a 1965, wani magini mai suna Michael O'Brien ya karɓa. Bayan su, da bayan Ladi, wurin ya yi ta tangal-tangal. Jaridun Najeriya sun sha kawo rahoton yadda ɗakunan suka lalace. Abin da ya rayu sosai shi ne abin da ya shiga hannun mutane. Danlami Aliyu, wanda ya yi koyo a nan, ya kafa nasa wurin a Minna. Daga baya shi da O'Brien suka kafa wani a Maraba, kusa da Kaduna.

Hausawa suna cewa baƙo raɓa ne. In ya tafi, me ya rage a hannun mai gida? Wannan ita ce tambayar da za a auna kowane zaman baƙunci da ita. Me ya rage a hannun mai gida?

Yanzu kashi na ƙarshe, mu juyo gida.

Tsofaffin gine-gine muna da su. Ku je unguwar Birni a Damagaram, ku ga gidajen ƙasa masu zane a fuska, ga fadar Sarki. Damagaram ce hedikwatar Nijar har 1926, kafin a koma Yamai. Tun 2006 Birni take cikin jerin wuraren da ƙasarmu ta gabatar wa hukumar UNESCO. Tsohon garin Agadas kuwa ya samu shiga jerin kayan tarihin duniya a 2013. Amma kowane magini zai gaya muku, gidan ƙasa da ba kowa a ciki ba ya daɗewa. Indararo ya toshe, ba wanda ya gani. Ruwa ya kwanta a kan soro. Azara ta ruɓe. Damina biyu uku, sai ka ga kango. Gidan da ake kwana a ciki kuwa, ana yi masa yaɓe kafin ruwa ya sauka. Ashe zaman baƙi ma wata hanya ce ta riƙe ginin.

An kuma nuna cewa ana iya ba tsohon gini sabon aiki a ƙasar nan. A Dandaji, cikin jihar Tawa, tsohon masallacin ƙasa ya yi wa jama'a kaɗan, ya fara lalacewa. Masu zanen gini biyu, Mariam Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili, suka yi aiki da mutanen garin. Aka gina sabon masallaci a gefe, aka mai da tsohon ɗakin karatu. Magina na gargajiya aka kira suka gyara shi. An gama a 2018.

Magina tukwane ma muna da su. Miriya, nan kusa da Damagaram, ta yi suna a tukwane. Can yamma, a bakin kogin Kwara, akwai matan Bubon da randunansu masu ado. A ƙauyuka da yawa akwai tsohuwar da ta iya tulu da kasko da tanda, 'ya'yanta kuwa sun koma sayar da roba.

To me za mu ɗauka daga Abuja, me za mu bari?

Tanderun nan mai zafin 1,200, ni dai a ganina a bar shi can. Yini da kwana ake yi ana ɗura masa itace. Abuja daji gare ta. Mu a Damargu kun san nisan da yarinya take yi kafin ta haɗa ƙunshin itacen girki. Ko karan gero yau abincin dabbobi ne, kuɗi ake sa wa. Duk baƙon da zai zo da sana'ar da za ta ci itacen da ba mu da shi, ya zo mana da wahala. Gashinmu na kashin shanu da ƙaiƙayi da ciyawa, a kansa za a yi tunani. Ta yaya za a rage fashewa a matoya? Wane irin tsingaro za a daka a haɗa da yumɓu, kuma nawa? Ta yaya za a kare wuta daga iskar hunturu? Maginiyar da take asarar kashi ɗaya cikin uku na kayanta a wuta, in aka rage mata asarar nan, an yi mata abin da ya fi ruwan sheƙi.

Ga misalin irin haɗuwar da nake nufi. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a jihar Jigawa, ɗan gidan magina tukwane. Ya ɗauki zufar randa, wadda aka toshe a Abuja, ya sa ta aiki. Tukunya biyu, ƙarama a cikin babba. A cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi. A rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska take bi. Tumatir da yalo da ganye, waɗanda kan lalace cikin kwana biyu uku, sai su daɗe. Babu lantarki, babu mai. Magina na ƙauye ya ba aikin, da yumɓunsu da gashinsu. Ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Kuma ku ji wannan: gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin da tukunyar take yi. Wa ya fi mu busasshiyar iska?

Na san wani makiyayi a Tanhiya zai ce, mu ina ruwanmu da tukunya? Gaskiyarka, ɗan'uwa. Mai tashi da sauka ba ya son kaya mai fashewa. Salka da ƙwarya da jarka sun fi masa. Amma a duba hannun matan rugage a kan ƙwarya. A duba zanen matan maƙeran Buzaye a kan fata. Zane ne da aka gada, mai ƙa'ida. A zaunar da mai sassaƙa ƙwarya da maginiyar Miriya a ɗaki ɗaya wata guda, kowace da kayan aikinta. Ba sai baƙo ya fito daga Faransa ba. Wadda ta fito daga Tanhiya baƙuwa ce a Birni, kuma tana da abin koyarwa. Banda haka, mutanen da suka zauna a bakin rijiyoyi da kasuwanni suna ƙaruwa. Suna bukatar randa, suna bukatar murhun yumɓu mai tsimin itace.

Idan wata ƙungiya ko wata hukuma ta zo garinku da irin wannan shiri, iyayenmu mata, akwai abin da za ku tambaya tun kafin a shimfiɗa tabarma. Sunan wa za a sa a gindin tukunyar? Ku ce naku, kamar yadda aka yi wa Ladi. Ko ba ki iya rubutu ba, kina iya zaɓen alamarki, a sassaƙa miki a ɗan itace. Ku tambayi kuɗin yini. Wadda ta bar surfe da ɗiban ruwa da kasuwa ta zo ta koyar, malama ce, a biya ta kamar malama. In an ɗauki hotonki, ko na zanenki, ina za a kai shi? In an sayar da kayan a Yamai ko a waje, nawa ne rabonki? A faɗa a gaban mai gari, da shaidu. Sannan ku tambayi ranar da kuɗin shirin zai ƙare, wa zai riƙe mabuɗin gidan, wa zai yi yaɓe. Me zai rage a hannun mai gida?

Ga masu shiryawa kuma, magadan gari da masu kula da al'adu, a duba lokaci. Da damina kowa yana gona, yumɓu ma ba ya bushewa. Da kaka ana girbi. Lokacin zama shi ne bayan an kai amfani rumbu, daga hunturu zuwa kafin zafi ya tsananta. Ba kuma sai an jira babban gida ba. Zaure ɗaya mai rufi lafiyayye, da ɗaki biyu na kwana, da fili a bayan gari don matoya, sun isa a fara. A tuna cewa mafi yawan masu sana'ar nan matan aure ne da tsofaffi. Sai an nemi yardar gida, an tanadi masaukin mata daban, an bar mai goyo ta zo da goyonta.

Kafin mu rabu, ga aikin da na ba ku. Ku tambayi tsofaffin garinku, a ina ake haƙo yumɓu a da, kuma wa ya rage da ya iya gini. Ku duba ko akwai tsohon gidan da aka kulle, wanda magadansa za su yarda a yi aiki a ciki. Abin da kuka samo, ku aiko mana nan gidan rediyo, mu karanta wa jama'a.

A nan za mu dakata.